Takubba biyu a gindin tangaran: na Meissen ne?

Ka tambaya ko takubba biyu masu giciye da ka gani a gindin kofin nan sun isa shaidar cewa na Meissen ne. Gaskiya ba su isa ba, Malam. An kafa masana'antar tangaran ta Meissen a Jamus, kusa da Dresden, a 1710, kuma tun wajen 1722 take sa wannan alamar, amma masu kwaikwayo sun daɗe da koyon zana ta.

Shafa wurin da yatsa. Ta asali shuɗiya ce, da hannu aka zana ta, tana ƙarƙashin ƙyallin tangaran ɗin, ba za ka ji tudunta ba. In ka ga an karce takubban da layi, yawanci kaya ne mai ɗan aibi, farashinsa ya faɗi. Ni dai ba zan biya kuɗi ba sai masani ya riƙe shi a hannu.