Kaɗaici ya dame ni a barikin Jamus, amma an ce in na ga likita aikin maigida zai lalace

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana sojan Amurka ne, bara aka turo mu Vilseck a Jamus. Yarana biyu, ƙaramin watansa bakwai. Shi kullum yana atisaye, ko a tura su Poland ya yi wata biyu ban sa shi a ido ba. Ba na jin Jamusanci, ba ni da lasisin tuƙi, Turancin ma in na yi sai matan bariki su ce in sake faɗa. Barci ya ƙaurace mini, kuka nake ba gaira ba dalili, wata rana ko wanka ba na iya yi. Na so zuwa asibiti, amma a gurup ɗinmu na matan Afirka an ce kada in kuskura, wai za a sa a fayil ɗinsa, a ƙwace masa kiliyarans (izinin sanin sirrin aikin soja), a hana shi ƙarin girma, ni kuma a mayar da ni gida. Wata ta haɗa ni da wani malami mai aiki ta waya, ya ce sammu ne. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yaran. Gobe da safe ki buga wa asibitin bariki waya, ki nemi ganin likitanki. Mai jego da barci ya gagare ta, ga kuka, ga kasa kula da jikinta, ciwon damuwa na bayan haihuwa ake fara zargi, kuma yana da magani, har da wanda ake sha ana shayarwa. Ki ce a duba jininki da maƙoƙo, don matsalarsu ma tana kawo irin wannan kasalar. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa ɗarsuwa a ranki, kada ki jira gobe, ki kira lambar gaggawa ta 112 yanzu.

Sai maganar gurup. Wallahi na gaji da ita. Babu makon da ba na jin ta, daga matan Gana, na Najeriya, na Filifin, har da Amurkawan da aka haifa a bariki. Kowa ta ji daga wata, ita ma waccan ta ji daga wata, in ka ce a nuna maka sojan da aka sauke saboda matarsa ta ga likita sai a yi tsit.

Fayil ɗinki na asibiti naki ne. Damar da doka ta ba kwamanda ta sanin wani abu game da lafiya, a kan sojansa take, don ya san ko zai iya aiki. Ke ba sojansa ba ce. Ba shi da ikon ɗaga waya ya tambayi likita me kika faɗa.

Kiliyarans kuma, fom ɗin SF-86 da maigida ya cika don neman sa, sashe na 21 shi ne na lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a kan shi mai neman yake tambaya, ba a kan matarsa ba. Shi kansa sashen an sassauta shi a 2008, aka sake gyara shi a 2016, domin sojoji su daina gudun neman taimako. Hukumar DCSA mai tantance masu neman kiliyarans ta fitar da lissafinta: daga 2012 zuwa 2020 ta yanke hukunci sama da miliyan 5.4, waɗanda aka hana ko aka ƙwace wa saboda lafiyar ƙwaƙwalwa ita kaɗai 62 ne. Sittin da biyu, kuma masu kiliyarans ɗin kansu ake magana, ba iyalansu ba. Kin san abin da ya fi cin kiliyarans? Bashi. Shi ke kan gaba a dalilan da ake hana mutane. Ana kuma sa ido a kan hulɗar kuɗi da mutanen waje wadda ba a bayyana ba. To ki duba, an hana ki likita na kyauta don a kare aikin maigida, an tura ki wajen mutumin da za ki riƙa aika wa dala a ɓoye, yau kuɗin rago gobe kuɗin turare. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Addu'a da azkar ki riƙe su hannu biyu, ba wanda ya ce ki bari. Amma wanda bai taɓa ganinki ba, ya ji muryarki minti uku ya gano sammu, ya kuma turo lambar asusu, wannan ɗan kasuwa ne.

Inda jita-jitar ta samo gindin zama shi ne shirin EFMP, rajistar iyalan sojoji masu bukatar kulawa ta musamman, kuma ba zan ɓoye miki ba. Idan ciwo ya zama mai daɗewa, kamar wata shida ana kula da shi a kai a kai, ko aka kwantar da mutum, ana sa iyalin a wannan rajista, dole ne ba zaɓi ba. Aikinta shi ne in za a yi muku canjin wuri a duba ko akwai likitan da kike bukata a can. Yana iya hana ku wani barikin da kuke so. Takardunsa na da gajiyarwa, ni ma na sha faɗa da su kan yadda fom ɗaya ke kwana a tebur uku. Amma kwamitin ƙarin girma ba ya ganin wannan rajistar. Mayar da iyali gida kafin wa'adin zamanku na wata 36 a Jamus ya cika, shi ma akwai shi a doka, sai dai waɗanda na ga abin ya kai su nan, akasari masu shiru ne har lamarin ya fashe da tsakar dare, 'yan sandan bariki suka zo, maƙwabta suka ji, kwamanda ya ji. A lokacin ba sauran sirrin da za a rufa.

In har yanzu gabanki na faɗuwa, akwai masu ba iyalan sojoji shawara da ake kira MFLC. Ba sa buɗe fayil, kyauta ne, zama har 12 a kan matsala guda, kuma kina iya cewa ku haɗu a wajen ofis. Abin da dole su kai gaba shi ne barazana ga rai, cin zarafin yara, duka a cikin gida, ko aikata laifi. Malaman addini na soja kuwa, fasto ne ko liman, sirrinsu ya fi na kowa ƙarfi, kuma suna sauraron wanda ba addininsu ɗaya ba. Sai dai duk cikinsu ba mai rubuta magani, saboda haka ba za su maye miki gurbin likita ba.

Kaɗaicin naki kuma ba raki ba ne. An gina bariki ne don Ba'amurke ya ji kamar bai bar gida ba: kanti da dala, makarantar yara da manhajar Amurka, coci, gidan sinima. Matar da ta zo daga Texas tana kewar gida, amma aƙalla abincin kantin nata ne. Ke kuwa baƙuwa ce a cikin bariki, in kin fita ƙofa ki sake zama baƙuwa a ƙauyen jihar Bavariya, inda shaguna ke rufewa ƙarfe takwas, Lahadi ba a buɗewa sam, a Disamba kuma kafin huɗu da rabi rana ta faɗi. A gida da kin haihu uwa ko gwaggo ta tare, a yi wankan jego, a dama kunun kanwa, 'yan barka na shiga suna fita har arba'in. Nan kin yi jego ke da bango huɗu. Wace ce za ta sha wannan jikinta bai nuna ba?

Ya kamata maigida ya sani, ki gaya masa da bakinki, kada ya ji a wani wuri. In ya dawo, abu na farko lasisi: ya zaunar da ke ku yi karatun jarrabawar tuƙi, don mace marar mota a wannan yankin a ɗaure take. Ofishin ACS mai taimaka wa iyalan sojoji na da ajin Jamusanci da zagayen sababbin zuwa, suna kuma da shirin da ma'aikaciya ke zuwa har gida ta duba uwa da ɗanta, muddin yaron bai wuce shekara uku ba. Ki nemi wannan tun a makon nan. Daga tashar Vilseck jirgin ƙasa na kai ki Nuremberg cikin kamar awa ɗaya, akwai masallatai da shagunan kayan abincin Afirka. Wata Juma'ar ki goya ƙaramin, ki riƙo babban, ku je.

Gurup ɗin kuma kada ki fita. In kin dawo daga asibiti ki rubuta musu cewa kin je, ki sa musu lambar wayar da kika kira, don na tabbata akwai wata a ciki da ke karanta saƙonninku ƙarfe uku na dare ita ma ba ta yi barci ba.