Me lambobin gefen taya ke nufi?

Tambaya: An rubuta 205/55 R16 91V a gefen tayar motata. Don Allah me suke nufi?

Amsa: Malam, 205 faɗin tayar ne a milimita. 55 kuwa tsayin gefenta ne, kashi 55 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 113. R alamar tayar radiyal ce, wato wadda zaren cikinta ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, 16 kuma girman wili a inci.

Inda ya fi muhimmanci, kuma mutane suka fi sakaci da shi, shi ne 91V. 91 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, V kuma iyakar gudunta kilomita 240 a awa. Kada ka sayi wadda lambarta ta gaza 91, domin idan nauyi ya fi ƙarfinta sai ta ɗau zafi, zarenta ya saki, ta fashe ana cikin gudu.