Tayar bayan tsohon moto ta ƙi fita: a ajiye guduma tukuna

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga unguwar Birni ta Damagaram nake. Mahaifinmu ya bar mana Honda CG125, ta yi shekara shida a jingine a zaure, ruwan damina yana shiga ƙarƙashinta. Ina so in tada ta. Na kwance notin tayar baya, amma ƙarfen tsakiya ya ƙi motsi, na yi ta bugu da guduma har bakinsa ya fara baje. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ƙanena. Ka ajiye gudumar nan. Duk bugun da ka ƙara, bakin aks ɗin, wato ƙarfen tsakiyar, faɗi yake yi kamar kan ƙusa, kuma ƙarfen da bakinsa ya baje ba zai bi ta ramin da ya shiga ba, ko da tsatsar ta sake shi.

A cikin cibiyar taya akwai rulma biyu, waɗanda mutanen Kano ke ce wa boris, a tsakaninsu kuma akwai wani ɗan bututun ƙarfe. Aks ta cikinsu ya ratsa. Ruwa ya shiga, giris ya bushe, ƙurar hunturu ta bi ta toshe, sai tsatsa ta haɗe aks da bututun. Farantin birki kuma na alminiyam ne, idan ya daɗe manne da ƙarfe cikin danshi yakan yi wani farin gari da ke riƙe abu kamar siminti.

Ka ɗora moton a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka cire sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birki, ka sassauta notocin jan sarƙa. Ka tura katako ƙarƙashin tayar don nauyinta ya sauka daga kan aks. Mutane da yawa nan suke kuskure, suna dukan ƙarfen da ke ɗauke da kaya.

Sai jiƙo. In kana da man feshi irin WD-40, to. In babu, gazuwal ya isa. Ka tsiyaye man tanki, ka kwantar da moton a gefe kan tsohuwar taya, ka ɗiga man jiƙon a bakin aks ya riƙa gangarawa ciki. Safe da yamma, kwana biyu ko uku. Na san gajen haƙuri ne ke kai mutum ga guduma, amma tsatsar shekara shida ba ta fita tsakanin azahar da la'asar.

Bayan nan ka kama kan aks da sufana mai zobe, ka ƙara mata tsawo da bututu, ka murɗa dama kaɗan, hagu kaɗan. Murɗawa ita ke karya tsatsa. Sai dai ka lura: aks na iya juyawa sumul amma ya ƙi fita, domin yana juyawa ne tare da bututun da rulma. In haka ne, ka goge bakin da ya baje da magagari, ka maida notin har ya yi daidai da bakin aks don ya kare haƙoran, ka ɗora guntun tagulla ko icce mai tauri, sannan ka buga. Wani ya tokare ɗaya gefen da ƙarfe mai nauyi, in ba haka ba ƙafar da ke riƙe da taya ce za ta buɗe. Da ya motsa ko da faɗin farce ne, ka ƙara mai, ka maida shi baya, ka sake turowa.

Wuta ba na son ta a hannun wanda bai saba ba. Akwai robobi a cikin cibiyar, alminiyam kuma yana narkewa ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba.

In duk ya ƙi, a yanka aks da zarto ta gefe biyu, tsakanin tayar da ƙafar da ke riƙe da ita, a kai tayar wurin mai injin matsawa ya turo guntun. Aks ba shi da wuyar samu. Honda ta fara CG125 tun 1975, kuma motocin Sin da ke kabu-kabu a gari da yawansu a kan samfurinta aka ƙera su. Ka je Kasuwar Dole da tsohon aks ɗin a hannu a gwada kauri da tsawo. Cibiyar taya ta asali ita ce abin tattali, kar ka fasa ta don ka ceci ƙarfen da za ka samu a shago.

Idan taya ta fito farantin birki ya maƙale, ka ƙwanƙwasa kewayensa da katako kana murɗa shi, kada ka cusa sukuddireba. Ƙurar ciki kuma kar ka hura ta da baki, tsofaffin birki da yawa suna da asbestos mai lalata huhu. Tsumma mai laima za ka sa. Rulma biyun ka canza su, lambarsu tana rubuce a gefensu. Sabon aks ɗin ka shafe shi da giris kafin ya shiga.