Shuɗin furen Himalaya a Tawa: zai yi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya aiko mini da 'yar takardar iri, a jikinta an rubuta Meconopsis, ga hoton wani fure shuɗi shar kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Sau biyu ina shukawa a tukunyar ƙasa, ina ban ruwa safe da yamma, amma ko tsiro ɗaya ban gani ba. Hannuna ne ba shi da albarka, ko akwai abin da ban yi daidai ba? Daga wata mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki daina zargin hannunki. Ni ma na taɓa samun wannan irin, na shuka shi a lambuna na bakin kogi a nan Yamai cikin Disamba. Tsiro uku suka leƙo, na riƙa lallaɓa su kamar jarirai, amma Fabrairu bai ƙare ba sai da suka narke. Na ji ciwon abin sosai, don haka na san abin da ke ranki.

Asalin furen nan duwatsun Himalaya ne, wajen Tibet, Butan, Nepal da yammacin Sin, inda yake fitowa a tsayin mita 3000 zuwa sama da 4000. Ki auna da namu: dutse mafi tsawo a Nijar, can Bagzan cikin Ayar, da kaɗan ya wuce mita 2000. A can Himalaya ƙanƙara ce ke rufe furen duk lokacin sanyi, in damina ta zo kuma yana cikin hazo da yayyafi, saiwarsa a ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda ba ta bushewa kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Mutanen Butan sun ɗauki wani jinsinsa a matsayin furen ƙasarsu. Wani Baturen Ingila, Frank Kingdon-Ward, ya kwaso irinsa daga Tibet a 1924, amma har a Turai furen bai yarda da ko'ina ba. Ya fi jin daɗin wurare irin su Sikotilan da Norwe, da wani yanki na Kebek a Kanada, inda rani ba ya zafi.

Zafin nan shi ne gaba ɗaya matsalar. Da zarar ya haura digiri 26 ko 27 furen ya fara wahala, mu kuwa a Afrilu da Mayu Tawa tana wuce 40. Ko a hunturu da dare ke sanyi, rana na da ƙarfi, ga busasshiyar iska da ke tsotse danshin ganye. Yawan ban ruwa ba ya maganin wannan, sai ma ya ruɓar da saiwa.

Rashin tsirowar kuma ina kyautata zaton irin ne ya mutu tun a hanya. Ƙanana ne ƙwarai, ba sa jure ajiya a ɗaki mai zafi, kuma ba a binne su: barbaɗawa ake yi a saman ƙasa mai danshi don suna son haske. In akwai saura kuma zuciyarki ta ƙi haƙura, ki sa su a firji mako uku ko huɗu, ki barbaɗa a farkon Disamba cikin inuwa, kusa da randa. Wataƙila ki ga tsiro. Fure dai ba zan yi miki alkawarinsa ba, kuma ba na son ki ƙarar da ruwan da ake saye da tsada a kansa.

In shuɗin ne ya shiga ranki, nemi Clitoria ternatea wurin masu sayar da dashen furanni. Dangin wake ne mai yaɗo, shuɗinsa ya fi na Himalaya duhu, yana kusa da rinin baba, kuma zafi abincinsa ne. Ki ɗan kankare bawon ƙwayar a jikin dutse, ki jiƙa ta kwana ɗaya, ki shuka da faɗuwar damina a ƙasar da kika gauraya da tsohon takin awaki. Cikin mako biyu za ta tsiro, wajen wata biyu ki fara ganin fure. Nawa ya lulluɓe danga har ya haye rumfa. Ki kuma duba gonakin bayan gari cikin Agusta da sassafe: balasar nan da ake yanko wa dabbobi tana da ɗan fure shuɗi mai kyau, sai dai kafin azahar ya rufe.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: awaki na son ganyen Clitoria kamar harawa. Tun ranar shuka ki kewaye gindin da ƙaya ko waya, ki kafa masa kara ko igiyar da zai bi.