Kar ka fara gyara tazarar haruffan da hannu, duba wannan tukuna

Ɗan'uwa, sannu. Ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka tsara mujalla a InDesign, manhajar tsara shafukan bugu, komai tsaf a allon kwamfutarka, amma da ka mayar da ita PDF sai wasu haruffa suka hau kan juna, wasu kalmomi kuma suka yi wushirya, musamman wurin ƙ da ɗ, kana tambaya ko ka bi layi-layi ka matsa su da hannu. Don Allah kar ka soma. Na ga wanda ya kwana yana tura harafi ɗaya-ɗaya, gari ya waye aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta, aikin ya fi na jiya muni. Ciwon ba a tazarar yake ba. Galibi salon haruffan da ka zaɓa ne, wato font, bai bi fayil ɗin ba, aka sa wani a gurbinsa.

Buɗe PDF ɗin a Acrobat, manhajar Adobe ta buɗe PDF, ka danna Ctrl da D, ka shiga shafin Fonts. Kowane suna da ka gani a jerin ya kamata a ce akwai "Embedded" ko "Embedded Subset" a gabansa, alamar cewa salon yana cikin fayil ɗin. Wanda ba shi da ko ɗaya, to shi ne ɓarawonka. PDF yana riƙe da faɗin kowane harafi na salon asali ko da salon kansa ba ya ciki, saboda haka manhajar da ke buɗewa sai ta aro wani salon ta cusa shi a gurbin da ba a auna dominsa ba. Harafi mai faɗi ya shiga wurin siriri ya taka maƙwabcinsa, siriri ya shiga wurin mai faɗi ya bar fili. Acrobat yana ɗan rufa asiri, don yana da nasa salon aro, Adobe Sans MM da Adobe Serif MM, waɗanda yake miƙewa ko ya matse su su dace. Waya da burauza ba lallai su yi maka wannan karar ba. Sannan a Acrobat ɗin ka shiga Preferences, wurin Page Display, ka cire alamar da ke kan "Use local fonts". Muddin tana nan, kwamfutarka za ta riƙa cike giɓin da salon da ke cikinta, kai kana ganin lafiya lau, wanda ka tura wa yana ganin shirme.

Ni wannan abu ya taɓa sa an ci mini mutunci, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Littafin wani dattijo ne na tsara, tarihin rayuwarsa, mutumin ya daɗe yana rubuta shi da hannu. Na fitar da PDF mai kyau, na duba jerin salon nan, duk suna ciki. Na kai maɗaba'a. Yaron da ke jera shafuka kafin a yi farantin bugu, shi bai iya jerawa ba sai a CorelDRAW, wata manhajar zane. Ya jawo PDF ɗina ciki. To shi Corel yana tambaya a wurin shigarwa, a ɗauko rubutun a matsayin "Text", ya zauna a rubutu, ko "Curves", haruffan su koma zane. Bawan Allah ya zaɓi Text, alhali babu salon da na yi amfani da shi a na'urarsa. Corel ya nuna masa akwatin musanya, ya danna OK ko karantawa bai yi ba. Aka yi faranti, aka buga, aka ɗinke, aka yanke. Ba wanda ya kira ni in ga kwafin gwaji, duk da na roƙa.

Ranar karɓa na buɗe shafin sadaukarwa. Sunan mahaifiyar dattijon ne a wurin. Ɗ ta farko ta tsaya can gefe ita kaɗai, ga ta siririya ba irin sauran ba, sai fili, sannan ragowar sunan a cunkushe, r da a sun haɗe sun zama tabon tawada ɗaya. Dattijon ya sa tabarau ya kalla, ya cire, ya goge da bakin rigarsa, ya sake kalla. Bai ce komai ba. Shi kuwa mai maɗaba'ar, a gabansa, ya ce wai "ai haka fayil ɗin ya zo mana, mu abin da aka ba mu muke bugawa." Na ciro wayata na buɗe PDF ɗin na nuna masa shafin lafiyayye. Ya ce waya daban, inji daban. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ba asarar ba ce, rainin hankalin ne. Ka yi kuskure, kowa na yi, amma ka tsaya a gaban mutum mai furfura ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba? Na ce a buɗe fayil ɗin da aka yi faranti da shi, aka ce yaron ya fita. Na zauna jira. Da ya dawo aka buɗe, sai ga shi fayil ɗin Corel ne, sunan salon ma ya canza. Ko a nan ba wanda ya ce a yi haƙuri, sai aka koma cewa me ya sa ban mayar da rubutun zane ba tun farko. Kai, a bar maganar.

Shi ya sa nake cewa ka tambayi kanka, lalatar a hannunka ta faru ko bayan fayil ya bar hannunka? Ba ka faɗa mana ba. Ba ka kuma faɗi hanyar da ka bi ka fitar ba. In ta Print ka bi, ka zaɓi firintar PDF irin su Microsoft Print to PDF, bar wannan hanyar. Bi ta File, Export, ka zaɓi PDF/X-1a ko PDF/X-4, nau'o'in PDF ne na maɗaba'a, don ƙa'idar waɗannan ta wajabta kowane salo ya kasance a cikin fayil. Ta wannan hanyar InDesign da kansa yake saka su, sai in mai salon ya hana a lasisinsa, nan kuma zai yi maka gargaɗi. Karanta gargaɗin, kar ka zama yaron can.

Batun ƙ da ɗ kuwa, ina kyautata zaton salon naka ba shi da su kwata-kwata. Yawancin salon ado da ake saukewa kyauta ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, balle manyansu. Word yana aro su daga wani salon shiru ba sanarwa. InDesign kuma ko ya nuna akwati mai ruwan hoda, ko ya bar harafin a tsohon salon da rubutun ya zo da shi. A InDesign je Type, Find/Replace Font, ka duba jerin. In ka ga sunan da ba kai ka zaɓa ba, danna Find First, ina da yaƙinin a kan ƙ zai sauka. Harafin aro ba shi da wata yarjejeniyar tazara da maƙwabtansa, dole ya tsaya a karkace. Mafita ita ce ka koma salon da ke da haruffanmu cikakku. Ni Charis SIL nake sa wa littattafai, Gentium ma yana da kyau, Andika ga na yara, ga kuma Noto Serif da Noto Sans. Duk lasisinsu ya yarda a saka su cikin PDF.

Af, tsohon fayil ne ka gada? Ina tambaya don in mujallar tun zamanin PageMaker, manhajar da aka yi amfani da ita kafin InDesign, ake jan samfurinta, wataƙila akwai tsohon nau'in salo da ake kira Type 1 a ciki. Adobe ya daina karɓarsu tun Janairun 2023, sabon InDesign yana ɗaukarsu a matsayin ɓatattu. Dama can wahala ne da su: a Windows siffar harafi tana fayil ɗin PFB, awon tazara yana PFM, in ɗaya ya ɓata a wurin kwafa sai rubutu ya rikice. Haka kuma ka duba ko kana da salo biyu masu suna ɗaya a kwamfutar, tsoho da sabo. Wannan yana haukata mutum, don suna ɗaya ne amma awonsu ya bambanta. Cire ɗaya. Tallace-tallacen da mutane suka turo maka ka liƙa a shafi ma ka bincike su, sau da yawa salon da ya ɓata a cikinsu yake, ba a rubutunka ba.

In duk wannan lafiya, to sannan ka taɓa tazara, amma ba harafi-harafi ba. A akwatin Character na InDesign ka sauya awon tazara daga Metrics zuwa Optical ga sakin layi gaba ɗaya. Metrics yana bin awon da mai ƙera salon ya sa, wanda a salo mai arha sau da yawa ba a kula da shi ba, Optical kuma InDesign ne ke duban siffar haruffan ya auna da kansa. Kar dai ka sa shi a rubutu mai haɗe-haɗe irin na hannu, zai tsinka mahaɗan. Kuma kafin ka tayar da hankalinka, zuƙo shafin zuwa 400%, ko ka buga shafi ɗaya a takarda. Ƙaramin rubutu a allo yakan yi kamar tazararsa ba daidai ba alhali lafiyarsa ƙalau.

Za a zo a ce maka ka mayar da komai zane kawai, Create Outlines, ka huta. Ni ban yarda da shi ga mujalla guda ba. Rubutu ƙanana yana ƙara kauri, ba a iya neman kalma ko kwafarta, fayil ya yi nauyi, kuma a InDesign ja-layin ƙasan kalma da lambobin jeri na atomatik suna ɓacewa. A bango ko babban take, babu laifi, shi ma a kwafi, ka adana na asali. In maɗaba'a ta nace sai ta buɗe PDF ɗinka a Corel, ka tsaya a kansu su zaɓi Curves, kuma kar ka yarda a yi faranti sai ka ga kwafin gwaji ka sa hannu a kai, ko za su ce ka cika naci.

Ɗauko mana hoton shafin Fonts ɗin nan ka ɗora a nan, da shafi ɗaya da ya lalace, ka kuma faɗi sunan salon da manhajar da ka buɗe PDF ɗin da ita. In na gani zan iya nuna maka wanda ya jawo. Allah ya sa dai ba a kai ga bugawa ba.