Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan kaɗaici, Tantan da ƙwallon kwando na kuɗi a Guangzhou

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, na so in wuce amma zuciyata ta ƙi. Ka ce kai sabon ɗalibi ne a Guangzhou ta ƙasar Chaina, kaɗaici ya ishe ka, abokan ɗakinka suna ta zuga ka ka sauke Tantan, manhajar neman soyayya, ko ka samu wadda za ku riƙa hira. Sannan wani ɗan ƙasarmu ya ga tsayinka a fili, ya ce zai riƙa kai ka ƙauyuka kana buga ƙwallon kwando ana biyan ka. Wallahi da na kai kan wannan maganar ta ƙarshe sai da gabana ya faɗi, domin da irinta aka ja ni har aka nakasa mini gwiwa.

Don haka da ita zan fara. Don girman Allah kada ka bi shi.

Abin da yake so ya kai ka shi ne wanda suke kira yeqiu. Masu kuɗin ƙauyuka, wannan mai masana'antar tayil, wancan mai kamfanin gini, kowa yana so ƙauyensu ya ci gasa lokacin bikin sabuwar shekararsu, sai su ɗauko baƙi dogaye su sa musu riga mai sunan kamfaninsu. Babu kwantiragi, babu likita a bakin fili, kuɗi hannu da hannu ne, kuma hannun dillali suke fara shiga. Ni wanda ya kai ni a masallaci muka haɗu, a sahu ɗaya muke salla, ya girme ni, yaya nake ce masa. Cewa ya yi wasan sada zumunci ne, kuɗin mota da na abinci kawai za a ba mu, babu abin da ya shafi doka. Ai mutumin da ka gani da carbi a hannu ba za ka ce ya rantse maka ba.

Muka yi tafiya mai nisa a mota har wani ƙauye, dare ya yi. Fili na siminti ne a tsakiyar gari, an rataya fitilu, jama'a sun cika har saman rufin gidaje, ana ta buga ganguna ana fasa abin tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Sanyi ya sa raɓa ta sauka a kan simintin, sai ka ga yara suna gogewa da tsumma a tsakanin wasa. A kashi na uku na yi tsalle zan kamo ƙwallo, wani ya zura ƙafarsa a ƙarƙashina, na sauka a kanta. Na ji ƙarar abin da ya tsinke a cikin gwiwata da kunnena, duk da hayaniyar wurin. Aka ja ni gefe aka kwantar da ni a kan wani benci, wani yaro ya kawo ƙanƙara a leda, wasa ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Ciwon bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ina kwance na ga mai ƙungiyar da idona ya ciro jan ambulan mai kauri ya miƙa wa yayan nan nawa, yana nuna ni da hannu. Sinancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma kalmar asibiti na san ta, kuma na ji ta. A mota da muke dawowa na tambaye shi, sai ya ce ai kuɗin sauran 'yan wasa ne. Ya sauke ni a ƙofar makaranta da asuba, ya leƙo ta taga ya ce idan aka tambaye ni in ce a matakalar ɗakin kwana na faɗi, kada in kuskura in ambaci wasa, in ba haka ba ni za a kora. Washegari gwiwa ta kumbura har wando ba ya shiga. Na tura masa saƙo a WeChat, sai ga jar alamar nan ta fito a gefen saƙon. Ya toshe ni. Naka shi ke ba da kai, Hausawa ba su yi ƙarya ba.

Ka san yadda garin nan yake zama lokacin bikin nasu. Kowa ya tafi ƙauyensu, shaguna a rufe, makaranta wayam. Da kyar na kai kaina asibiti, aka ɗauki hoto aka ce jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, sai tiyata. Kuma a nan ba a kwantar da kai sai ka ajiye kuɗi. Ga inshorar ɗalibai ina da ita, amma duk takardar da za ka cike tana tambayar a ina ka ji ciwo, kuma ta ofishin makaranta za ta bi. Ni ba zan rubuta ƙarya ba, gaskiyar kuma za ta iya cinye mini karatu. Sai yayana na gida ya sayar da filinsa ya turo. Har yau idan na tuna muryarsa a waya yana cewa kada in damu, ƙirjina zafi yake yi. Mahaifiyata kuwa ba ta sani ba sai da na warke.

A asibitocinsu 'yan uwanka ne ke jinyarka, su kawo maka abinci, su kai ka bayi. Kowane gado a ɗakin da mai zama a gefensa, nawa ne kawai babu kowa. Abincin da ake turowa a keke ba zan iya ci ba saboda alade. Shi kuma mutumin nan yana gari, ina jin labarinsa, yana zuwa Juma'a da sabuwar shadda. Daga baya na gan shi a unguwar Xiaobei, ya miƙo mini hannu yana murmushi yana cewa ya jiki. Ban karɓi hannun ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye muku hakan ba. Abin da ya fi ci mini rai, ba ni ne na farko ba, kuma manyanmu da dama sun san halinsa suka yi shiru. Shirun nan namu shi ke sa ake ta cutar ƙananan yara masu zuwa.

Ko da ba ka ji ciwo ba, ka sani bizar karatu ba ta ba ka damar karɓar kuɗi a kan wani aiki ba tare da izini ba. Dokar shige da fice tasu ta tanadi tarar yuan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da ya yi aiki ba bisa ƙa'ida ba, in abin ya yi tsanani a haɗa masa da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15, ana ma iya tasa ƙeyarsa gida. Kuma wasannin nan yanzu kai tsaye ake haska su a Douyin, wato TikTok ɗinsu, fuskarka tana yawo a wayar kowa. Dillalin ba zai faɗa maka wannan ba.

Amma kada ka ɗauka ina hana ka ƙwallon ne. Wallahi ƙwallon kwando ita ta riƙe ni a ƙasar nan. Ka san su waye suka zo asibiti? Wani dattijo Basine da muke bugawa da yamma a filin unguwa, da ya ga kwana biyu ban zo ba ya nemi lambata a wurin yara, ya zo da lemo cike da leda. Da kuma mai shagon taliyar lamian, Musulmi ɗan Qinghai, wanda ya riƙa aiko ɗansa da miyar naman sa a roba kullum, ya ƙi karɓar ko sisi. Waɗannan su ne suka zame mini dangi.

Mutanen lardin nan suna son wasan nan har cikin ransu. Ƙungiyar Guangdong da ke Dongguan ta ci kofin CBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙasar, sau 11, kuma tun da ɗan wasansu Yao Ming ya tafi buga NBA a Houston a 2002 da wuya ka ga makaranta ko unguwar da ba ta da kwando. Ka je da yamma bayan la'asar, ka tsaya a gefe, ka ce jia yi ge, wato a ƙara mutum ɗaya, za su sa ka. Rabin fili ake bugawa, huɗu da huɗu yawanci, waɗanda aka ci su fita wasu su shigo. Da farko za su zata kai ɗan NBA ne saboda baƙi ne kai kuma dogo, za su riƙa jefo maka ƙwallo su tsaya suna kallo. Kada ka yi son kai, ka riƙa ba su, idan wani ya jefa ta shiga ka ce masa hao qiu, wato ƙwallo ta yi kyau. Kada ka yi musu a kan laifin wasa, kada ka ɗaga murya, ko kana da gaskiya. Cikin ɗan lokaci za su sa ka a rukuninsu na WeChat, kuma Sinancin da za ka koya a can ya fi na aji amfani. Wanda yake garin nan a Satumbar 2019 ya tuna daren da D'Tigers na Najeriya suka doke Chaina 86 da 73 a nan Guangzhou a gasar cin kofin duniya, muka samu gurbin Olympics na Tokyo, su suka rasa shiga kai tsaye. Washegari na je fili ina ɗari-ɗari, sai ga su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu.

Batun Tantan kuwa, na san abin da ke damunka, kuma ba abin kunya ba ne. Ka dawo ɗaki da dare, kana so ka kira gida, su kuma suna tsakiyar harkokinsu saboda tazarar awa 7, idan sun natsu kai ka yi barci. Mutum yana so ya ji wani ya damu da shi. Amma abin da ke cikin manhajar nan ba shi ne maganinka ba. Wata Turanci take so ta gwada da kai, wata hoto take so ta nuna wa ƙawaye ta san baƙo, wata kuma aikinta ke nan, ta ce ku haɗu a wani shagon shayi ko mashaya da ita ta zaɓa, a kawo muku takardar biyan kuɗi ta dubbai, ƙarti su tsaya a ƙofa. An yi wa yaranmu wannan. Ga shi kuma ka san inda hirar dare da keɓewa suke kai mutum, kuma Ubangijin Kano shi ne na Guangzhou.

In aure kake nufi da gaske, to ka buɗe ido ka ga yadda su kansu suke fama. Ka je lambun Tianhe wata Asabar, ko Lambun Jama'a na Shanghai in ka samu zuwa, ka ga iyaye masu nema wa 'ya'yansu aure sun baza takardu, kowace an rubuta shekarar haihuwa, tsayi, albashi, yana da gida ko ba shi da shi, hukou ɗinsa, wato rajistar zama ɗan gari, na wane gari ne. 'Ya'yan ma ba sa wurin. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da kusan miliyan 35, har gwauraye suna da ranarsu, 11 ga Nuwamba, kafin 'yan kasuwa su mayar da ita ranar sayayya. Saurayi ɗan ƙasa ma sai ya nuna gida da mota da kuɗin caili, wato kuɗin aure, kafin a saurare shi, balle kai ɗalibi baƙo. Ban ce ba a yi ba, akwai 'yan uwanmu a unguwar Sanyuanli da garin Yiwu da suka auri Sinawa, matan suka musulunta, suna kasuwanci tare suna zaune lafiya, Allah ya ƙara musu. Sai dai ka tambaye su wahalar da suka sha. Takardar zama ta aure ba ta ba ka izinin aiki, ƙasar ba ta yarda ɗanka ya riƙe fasfo biyu ba, kuma ƙarin aure laifi ne a dokarsu. Sannan yawancin 'yan matan da za ka gani ba Musulmi ba ne, ba kuma ma'abota Littafi ba, ka tambayi malami kafin zuciya ta yi nisa. Ko 'yan Hui, Musulmin Sinawa da muke salla tare, iyayensu ba kasafai suke son 'yarsu ta tafi wata nahiya ba. Ni dai da lokaci ya yi gida na koma na yi aurena.

Kada ka bari Juma'a ta wuce ka a masallacin Xianxian, inda ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake. In an idar kada ka yi saurin tafiya, ka tsaya wurin masu gasa nama ka gaisa da mutane, ka nemi ɗaliban da suka riga ka zuwa. Fasfonka kada ka ba kowa ya riƙe maka, ko wane ne. In ka canza wurin kwana ka yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24, waɗanda suka ga abin da ya faru da baƙaƙen fata a garin nan a Afrilun 2020, lokacin da masu gidaje suka riƙa fitar da mutane kan titi, sun san amfanin takardu su zama daidai. Ka kira mahaifiyarka ko da minti biyar ne, in ka tashi daga aji da yamma su suna hantsi. Ka sayi takalmi mai kyau mai riƙe idon sawu, kada ka buga a siminti mai laima. Ni har yanzu idan sanyi ya shigo gwiwar nan tana ciwo, a zaune nake sallar nafila wani lokacin.

Kada ka rubuta sunan mutumin da ya ce zai riƙa kai ka ƙauyuka a nan, amma ka turo mini shi ta saƙon sirri, ina so in san ko shi ne wanda ya cuce ni. In shi ne, wannan karon ba zan yi shiru ba, zan kai maganar gaban shugabannin ɗalibai. Ka turo da lambarka ma in sa ka a rukuninmu, muna bugawa ranar Asabar da yamma, akwai 'yan Nijar da 'yan Ghana a ciki, mu ci abinci tare bayan magariba.