Amsa: Fadoci masu farar riga a Sakkwato, mene ne aikinsu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko su wane ne fadocin nan masu farar riga da rozari (carbin addu'a na 'yan Katolika) a ɗamara, da kuma abin da suka sa a gaba. 'Yan ƙungiyar Dominikan ne ta cocin Katolika. Waliyyi Dominik, mutumin Sifen, shi ya kafa ta, Paparoma Honorius na III ya amince da ita a 1216.

Wa'azi ne ginshiƙin aikinsu, amma wa'azin da ya biyo bayan karatu mai zurfi da addu'a. A wurinsu karatu kansa ibada ne: mutum ya zauna ya yi ta tunani a kan Maganar Allah, sannan ya fita ya raba wa jama'a abin da ya samu. Ni dai nan ne suka fi burge ni, don mai wa'azin da bai karanta ba ɓatar da mutane yake yi. Suna zaune gida ɗaya, ba aure, ba dukiyar kai, suna biyayya ga shugabansu.

A nan ƙasarmu kuwa, daga Amurka suka zo Najeriya a 1951, aka damƙa musu yankin Sakkwato har da Gusau da Katsina. Bishop na farko na Sakkwato, Edward Lawton, nasu ne, an naɗa shi a 1964. Michael Dempsey da ya gaje shi ma haka.